Kujera Ɗaya Ta Rage: Ni Ko Mijina?

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri in kin ga maganata tana tsalle daga nan zuwa can, haka take a cikin kaina. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filin nan ba. Ni ce fa mai karanta wasiƙun mutane a ofis lokacin hutun rana, ina taɓe baki ina cewa wasu ba su iya riƙe sirrin gidansu ba. To yau ga ni a layi.

Ni ma'aikaciyar banki ce. Ko in ce na taɓa zama, har yanzu bakina bai saba ba. Watannin baya aka rufe bankinmu. Ranar da abin ya faru na tashi kamar kullum, na rataya katin aiki a wuya, na sauke yara a makaranta. Ina isowa na tarar da mutane cirko-cirko a bakin ƙofa, an zarga sarƙa a ƙofar gilashi, an ce hukuma ta janye lasisi. Maigadinmu, dattijon da ke sara mini kowace safiya, shi ya tare ni idonsa jajir, ya ce an hana shi barin kowa ya shiga, har da mu. A durowar teburina akwai takalmina na canji da kofin shayina da hoton yarana. Sai bayan makonni aka bar mu muka shiga ɗaya bayan ɗaya, jami'i na biye da kai kamar an kama ɓarawo, muka kwaso kayanmu a leda.

Wallahi Gwaggo ba mu sani ba, kuma na gaji da wannan rantsuwar. E, mun ga kuɗi na jinkirin zuwa daga hedikwata, mun ga manya na fitowa daga taro fuska a murtuke. Amma mu 'yan reshe abu ɗaya aka koya mana: ka yi murmushi, ka ce wa kwastoma ya ƙara haƙuri, ana kan aiki a kai. Shekara da shekaru ina faɗin haka har ya zame mini kamar gaisuwa. Yanzu kasuwar unguwarmu ta gagare ni shiga. Wata mata mai sayar da kayan miya, wadda ni na buɗe mata asusu da hannuna, ta riƙe mini gyale a gaban jama'a tana kuka, wai mun kwashe namu mun bar su. Namu? Dokar bankin ita ce ma'aikaci ba ya ajiya a wani banki. Albashinmu da ɗan abin da muka tara duk suna can bayan sarƙar, tare da nata.

Gurup ɗinmu na waya da muke tura barkwanci yanzu ya koma na jaje da cigiyar aiki. Wanda ke karɓar kuɗi a taga ta biyu hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Direban motar kuɗi ya koma haya da babur. Sauran bankuna kuwa, tun da jama'a suka tsorata suka yi ta dogon layi suna kwashe ajiyarsu, kowa ya tsuke bakin aljihu, ba a ɗaukar ma'aikata, wasu ma ragewa suke yi. In an yi sa'a an kira ka intabiyu, da an ga sunan bankinmu a takardarka sai fuska ta canza, kamar ka shigo musu da cuta mai yaɗuwa.

Amma duk ba wannan ya sa na rubuto ba. Tawa matsalar a cikin gida take.

A bankin muka haɗu da maigidana. Shi yana sashen ba da rance, ni ina kula da kwastomomi. Bankin yana da doka, mata da miji ba sa aiki a cikinsa tare, ko da reshe ya bambanta. In ma'aikata biyu suka yi aure dole ɗaya ya ajiye. Kowa ya ɗauka ni zan ajiye, ni ma haka na ɗauka. Ana dab da aurenmu sai ga ƙarin girma ya fito mini. Shi da kansa ya zauna ya duba, ya ce matakina ya wuce nasa, albashina ya fi, kuma ya ga yadda nake son aikin nan kamar raina. Ya ajiye nasa. Allah ne shaidata ban roƙe shi ba. Amma ban hana shi ba, kuma na ji daɗi.

Danginsa ba su taɓa haɗiye abin ba. Yayyensa suka laƙa masa mijin-ta-ce. In an haɗu a gidan mahaifiyarsa sai wani ya tambaye shi ko madam ta ba da kuɗin mai yau, a kwashe da dariya, shi ma ya taya su. Ya buɗe ɗan shago a bakin titi, yana cire wa mutane kuɗi da tura musu da na'ura, yana haɗawa da katin waya da caja. Ki tambaye ni na'urar ta wane banki ce. Tamu ce mana! Ni na shige masa gaba aka ba shi, lokacin ana matsa mana mu kawo wakilai. Ranar da aka sa mana sarƙa, a ranar na'urarsa ta mutu da jarinsa a ciki. Yanzu yana fita ya buɗe shago ya zauna da 'yan caja ƙalilan, don kawai kada a ce yana gida.

Ana cikin haka uwar ɗakina ta kira ni. Ita ta koya mini aiki tun ina sabuwa, ta bar bankinmu tun kafin ya rushe ta koma wani babba. Ta ce ta yi ta faɗi-tashi ta samo gurbi ɗaya tak a sashenta, mataki ƙasa da wanda nake, da jarrabawa, da watannin gwaji kafin a tabbatar da mutum. Ta san mu mu biyu, ta san aikin kowa, amma can ma dokar ɗaya ce, ɗaya daga cikinmu za a ɗauka. Ta ce takardar maigidana ta fi tawa tsabta a idon masu ɗauka, tunda ya bar bankin tun yana da mutunci, amma ni hannuna da sauran ɗumi, shi kuwa ya daɗe rabonsa da aikin, an canza na'urori an canza ƙa'idoji. Ta ce mu yanke mu gaya mata kafin ƙarshen wata, masu jira suna da yawa, kuma in wanda muka tura ya faɗi ba za ta iya sake buɗe baki ba.

Ni da bakina da ba ya shiru, murna ta kwashe ni na gaya wa ƙanwarsa. Kafin in iso gida labari ya riga ni zuwa wurin Hajiya, surukata. Matar da sai a yi shekara ba ta tako gidanmu ba, washegari sai ga ta. Ta zauna a falo, ko ruwan da na kawo ba ta kalla ba. Ta ce ba faɗa ya kawo ta ba. Ta ce ɗanta ya taɓa tashi ya ba ni kujera, duniya ta yi masa dariya ya shanye, yanzu in ni 'yar halak ce na san abin da ya dace. Sai ta sa gefen mayafi ta share ido. Gwaggo, da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ke ci mini rai shi ne na kasa cewa ƙarya ta yi.

Shi kuwa gogan, da na tambaye shi sai ya yi mini murmushi, ya ce babu matsala, duk abin da na ga ya dace. Na san murmushin nan. A ɗaki ɗaya aka koya mana shi lokacin horon sababbin ma'aikata, kowa da madubi a gabansa. Shi ne wanda ake yi wa kwastoman da ya zo da buƙatar da ba za ta biya ba. Abin takaici, da ya juyo ya tambaye ni ni me nake so, sai na ji bakina yana cewa ina kan dubawa. Mu biyu a ɗaki ɗaya, kamar da gilashin kanta a tsakaninmu, kowa na yi wa ɗan'uwansa ladabi. Sannu da aiki, sannu da gida, abinci ya yi daɗi, na gode. Ko faɗa ba ma yi. Da ma faɗan muke yi!

Ga kuma autarmu, tana da sikila. Katin asibitin da banki ke ba ma'aikata shi ke ɗauke da ita tun haihuwa. Da ciwon ya tashi bayan rufewar, na miƙa katin, yarinyar da ke kan kwamfuta ta duba ta sake dubawa ta ce an dakatar da shi. Ina tsaye da 'yata a kafaɗa tana murƙususu tana kiran ƙafarta. A makon muka sayar da motata. Sabon aikin yana zuwa da kati. In maigidana ya je ya faɗi jarrabawa, ko aka sallame shi a gwaji, shi ke nan, ba kujera ba kati. 

Bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ina son kujerar nan. Ba don auta kaɗai ba, wani lokaci ma ina jin laɓewa nake yi a bayan ciwonta. Ina kewar ƙarar na'urar ƙirga, ina kewar a taho da matsala a tsaya a gabana in warware ta. Zaman gida yana neman haukata ni. Rannan na tsinci kaina ina jera cokula bisa tsayinsu, babbar 'yata na kallona kamar ta ga mai taɓin hankali. In na ba shi kujerar na san kaina, zan riƙe shi a zuci, zan riƙa kallonsa yana ɗaura agogo da safe ina jin kamar ya ƙwace mini wani abu. In kuma na karɓa, da wane ido zan kalle shi? Sau biyu ke nan.

Shekaranjiya na shigo ɗaki na same shi ya ciro tsohuwar kwat ɗinsa ta aiki daga leda yana gwadawa a gaban madubi. Maɓallin ya ƙi kaiwa. Da ya gan ni ya yi sauri ya cire, ya ce da ma kyautar da ita zai yi. Na shige banɗaki na sake famfo na yi kuka mai isata.

Yanzu Shaiɗan yana ta raya mini wata dabara, in roƙi uwar ɗakina ta ce daga sama aka ce ni kaɗai za a ɗauka, kowa ya huta, ba wanda zai zarge ni. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Wata yana ta tafiya. Ba na cin abinci, na rame har zobena na zamewa. Ina tsoron in samu aiki in rasa miji, ina tsoron in riƙe miji mu rasa komai. Gwaggo, ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci, ni na rasa tudun dafawa.

Taki cikin damuwa,
Maman Auta

Maman Auta, sannu 'yata. Na karanta wasiƙarki na sake karantawa. Share hawayenki ki zauna, abin yana da nauyi amma bai fi ƙarfinku ba.

Bari mu fara kawar da ƙananan. Rushewar bankin ba laifinki ba ne, ki daina rantse-rantse a kasuwa. Mai kayan miyar nan zafin asara ne ke cinta, ki ba ta haƙuri ki nuna mata inda masu ajiya ke kai kokensu, iyakar abin da ke hannunki ke nan. Ku ma'aikata ku daina jaje kawai a waya, ku haɗa kai ku bi haƙƙinku a ƙungiyance wurin waɗanda aka damƙa wa ragowar bankin, kowa kuma ya nemi shaidar cewa ya yi aiki ba a same shi da laifi ba, za ta yi muku amfani a intabiyu. Auta kuwa kada lafiyarta ta jira kujera. A makon nan ki kai ta asibitin gwamnati a yi mata rajista a sashen masu sikila. Akwai layi, akwai jira, amma za ki rage fargabar da ke hana ki tunani.

Yanzu kujera. Hajiya ba maƙiyiyarki ba ce. Uwa ce da ta yi shekaru tana kallon ana yi wa ɗanta dariya a falonta, kuma ta yi gaskiya da ta ce ya yi miki abin da maza kaɗan za su yi. Inda ta kuskure shi ne ɗaukar aikin nan kamar abin da za a miƙa wa mutum don a wanke masa zuciya. Akwai jarrabawa, akwai gwaji, akwai yarinya mai ciwo. Ke ma kina da taki gaskiyar, kuma son aikinki ba zunubi ba ne, ki daina jin kunyarsa. In ra'ayina kike so, a yadda kika zayyana, ke kika fi kusa da tsallakewa, kuma gida mai mara lafiya ba ya caca da dama ɗaya. Amma ra'ayina ba shi ne zai zauna da ku a gidan ba.

Dabarar da kike saƙawa kuwa, kul! Ajiye wayar nan. Mutumin da ya yi aiki a sashen rance, sana'arsa ce gane wanda ya zo masa da labarin da aka gyara. Ko bai gane bana ba zai gane baɗi, kuma ranar za ki rasa abin da rufe banki bai iya raba ki da shi ba. Kin kuma jefa uwar ɗakinki cikin ƙarya bayan ta yi miki alheri. Haka nan ban yarda ki miƙa masa kujerar kina murmushi kina ƙuna a ciki ba. Ke da bakinki kin ce za ki riƙe shi a zuci, kuma na yarda da ke. Zai ji shi a gaisuwarki, yara ma za su ji.

Ga abin da na lura. A duk tsawon wasiƙarki, Hajiya ta faɗi abin da ya dace da shi, uwar ɗakinki ta auna shi, ke kin fassara murmushinsa da kwat ɗinsa, amma ban ji inda shi ya ce yana son komawa banki ba. Kin ga mutum yana gwada kwat kin yanke cewa kewa ce. Wataƙila ita ce. Wataƙila kuma tsoro ne, yana auna kansa yana fargabar a tura shi ya faɗi a gaban uwarsa da yayyen da ke jiran abin dariya. Ke ba ki sani ba, ni ma ban sani ba. An horar da ku ku biyu kada ku taɓa gaya wa mutum magana mara daɗi kai tsaye, kuka kwaso horon kuka shigo da shi ɗakin aure. To wani ya fara ajiye shi, kuma ke ce kika rubuto, don haka ke za ki fara.

Ki tura yara gidan maƙwabta, ki zaunar da shi da rana tsaka, ki gaya masa abin da kika gaya mini ba tare da kwalliya ba. Kina son aikin, kina tsoron ya faɗi, kina jin kunyar karɓa karo na biyu, kin gan shi da kwat kin yi kuka. Daga nan ki ja bakinki ki yi shiru. In ya ce babu matsala, ki ce ba ki karɓi wannan amsar ba. In ya yi fushi ki bar shi ya yi, ai kin ce faɗan kike nema, kuma ya daɗe yana haɗiya.

In ya ce yana so, kada ki yi masa gardama a take. Ku je wurin uwar ɗakinki tare, ta gaya masa yadda jarrabawar take, ya gwada kansa a gida ke kina taya shi, sannan ku yanke da ido buɗe. In kuma ya ce ki je, to shi zai kai wa Hajiya maganar da bakinsa, ba ke ba, ba ƙanwarsa ba. Ke kuma daga albashin farko a tayar da shagonsa, da na'urar wani banki daban wannan karon. Ku tuna dokar nan banki ɗaya ta hana ku, ba ta hana shi sauran ba. Ba za su dawwama a rufe da ƙofa ba, kuma takardarsa mai tsabta tana nan. In yana da sha'awa ya fara sabunta karatunsa tun yanzu.

'Yata, kin san abin da ya sa gorin shekarun nan bai karya mijinki ba? Don wancan karon shi ya yanke, ya tashi da ƙafarsa ba wanda ya ture shi. Bankin ya tafi da albashinki, ya tafi da jarinsa. Abin da ya rage wa bawan Allah nan shi ne a ji ta bakinsa a gidansa. Kada ki ƙwace masa wannan da dabara, kada kuma ki ƙwace masa da sadaukarwar da bai nema ba. Ki tambaye shi yau, ki tsaya har sai ya amsa.

Allah ya ba auta lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajiya, ya buɗa muku ku da duk abokan aikinki da wannan rufewa ta shafa. Ki ci abinci kafin ki yi masa maganar.

Gwaggonku